Jirgin ƙasa ya iso Agege, to ina lokacin da ya rage mana ya tafi?

Malam Sani, Agege:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Akwai tambayar da take damuna, kuma ina roƙon a dube ta da natsuwa. Duk wanda ya daɗe a Ikko ya san cewa garin da muka tarar ba shi ne muke ciki yau ba. Wayar salula ta shigo a 2001, an buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, jirgin ƙasa mai tashi daga Agbado zuwa Oyingbo ya fara ɗaukar fasinja a 2024 kuma yana tsayawa a nan Agege, sannan ga matatar man Dangote a Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2023 da ƙarfin tace ganga 650,000 a rana. Duk waɗannan ni'imomi ne, kuma ba na cikin masu raina su. Amma kowace na'ura da ta zo, da alkawarin rage mana wahala da ɓata lokaci ta zo. Idan haka ne, ya kamata a ce yanzu mun fi iyayenmu samun sukunin karatu, da zikiri, da ziyarar mara lafiya, da zama da 'ya'yanmu. Abin da nake gani kuwa shi ne karatun bayan Magariba yana ta raguwa, mutane sun fi saurin fushi, kuma wanda ya zo sallah ma yana sallamewa hannunsa ke komawa aljihu neman waya. Ina wannan lokaci da aka rage mana ya tafi, kuma me ya sa hannu yake cika amma zuciya ba ta ƙoshi?

Injiniya Bashir, Ikeja:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ina ganin tambayar ta riga ta yanke hukunci kafin a saurari shaidu. Kowane zamani yana ganin wanda ya gabace shi ya fi shi tsoron Allah, kuma iyayen da muke yabo yau su ma haka nasu iyayen suka yi musu kallon lalatattu. Ni abin da na sani shi ne talauci da gajiya ba makarantar tarbiyya ba ce. Mutumin da yake fita daga Ikorodu tun kafin kiran assalatu don ya tsere wa gosulo, ya dawo bayan Isha'i jikinsa duk ya mutu, da wane ƙarfi zai yi ƙiyamul laili ko ya duba allon ɗansa? Idan jirgin ƙasa ya mayar masa da awa biyu a yini, an buɗe masa ƙofar da da take a rufe, kuma shiga ko ƙin shiga ya rage nasa. Addininmu ma bai taɓa sanya neman duniya da neman lahira a matsayin kishiyoyi ba. Abdurrahman ɗan Aufu da ya isa Madina, hanyar kasuwa ya nemi a nuna masa, kuma da dukiya Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Yau ɗan acaɓa yana sauraron tafsirin malamin Kano ko Bauchi a wayarsa, abin da kakansa sai ya yi tafiyar kwanaki kafin ya samu. Ni dai ban ga laifin na'ura a nan ba.

Alhaji Garba, Mil 12:
Injiniya, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, amma bari in kawo muku abin daga kasuwa, domin a can ake gane halin mutum, ba a kan darduma kaɗai ba. A lokacin da muka taso cikin harkar gwari, babu tiransifa, babu alat. Manomi ko dillali a Kadawa ko Ɗanja zai ɗora kwandunan tumatir a mota ya turo Kurmi, a kan kalmar baki kawai, ga mutumin da wataƙila shekara guda bai sa shi a ido ba. In an sayar, sai a ƙirga kuɗi a ɗaure a tsumma a miƙa wa direba, shi kuma ya ratsa Ibadan da Ilorin da Jebba da Mokwa da dukiyar da ta fi albashinsa na shekaru, ya kai ta hannun mai ita ba tare da ya zare ko sisi ba. Haka fataken goro suka yi a Agege tun kafin a haife mu: baƙo ya sauka wurin mai masaukinsa, ya damƙa masa kaya da kuɗi, ya kwanta ya yi barci.

Ba ina cewa mutanen da waliyyai ba ne. An ci amana a da, an yi algus, kuma 'yan fashi sun kashe direbobi da yawa saboda wannan kuɗi da ake ɗauka a mota, don haka ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan so a koma wancan tsari ba. Abin da nake so a lura da shi shi ne, a wancan lokaci rayuwa da kanta tana tilasta wa mutum koyon amana. Wanda ya ci kuɗin mutane sau ɗaya ya gama kasuwa har abada, domin labarinsa zai riga shi isa Kano. Yaro yana tashi yana kallon maigidansa yana riƙe da kuɗin wani na watanni bai taɓa ba, kuma wannan kallo shi ne karatun. Yanzu na'ura ta ɗauke wannan nauyi. Ba na buƙatar in yarda da kai, abin da nake jira kawai wayata ta yi ƙara. To, abin da ba a buƙata ba a koyonsa. Shi ya sa za ka ga yaro bai taɓa fashin jam'i ba, amma in ka ba shi kaya bashi sai ya kashe waya, wani kuma ya nuna maka rasit na bogi yana kallon tsakiyar idonka.

Kun tuna farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin naira, takardar kuɗi ta ɓace kuma tiransifa take maƙalewa? A waɗannan makonni ne aka yi mana jarrabawa a fili. Kaya suna ruɓewa, mai saye yana tsaye, kuɗi sun fita daga asusunsa ba su shigo naka ba. Wasu suka ce ɗauki ka tafi, in ya shigo shi ke nan, in bai shigo ba na san za ka dawo. Wasu kuma suka ga kasuwa ta buɗe, suka riƙa sayar da naira da naira. Na'ura ɗaya ce ta lalace wa kowa, amma abin da ya fito daga mutane ya bambanta.

Malama Hauwa, Idi-Araba:
Ina gaida iyayena maza. Zan fara da goyon bayan Injiniya a wuri guda, domin idan ana yabon zamanin da, sau da yawa ana mantawa da wadda take daka da surfe da ɗebo ruwa da hura wuta da ɗanyen itace. Injin niƙa da murhun gas da famfo sun ba mata da yawa damar zuwa islamiyya, kuma matan aure da nake karantarwa da safe, iyayensu mata ba su sami wannan zarafi ba. Wannan ci gaba ne da ya taɓa ruhi kai tsaye.

Inda na rabu da shi shi ne cewa na'ura ba ruwanta, shiga ko ƙin shiga ya rage na mutum. Wannan gaskiya ne game da injin niƙa, domin in ya gama niƙa ba ya kiranka ka dawo. Waya ba haka take ba. Kamfanonin da suka mallaki Facebook da TikTok da YouTube da kuɗin talla suke rayuwa, kuma ribarsu tana ƙaruwa ne gwargwadon daɗewar idon mutum a kan allon wayar, don haka da gangan aka tsara su yadda bidiyo ɗaya yana ƙarewa wani yana farawa. Amsar tambayar Malam ke nan a wurina: lokacin da jirgi da gas suka rage mana bai ɓata ba, akwai waɗanda suka shirya tsaf suka karɓe shi. Ina ganin haka a hadda. Yarinya mai kaifin basira, amma ba ta iya zama da shafi ɗaya na minti goma ba tare da hankalinta ya tashi ba, alhali kuwa duk wani gyaran zuciya da malamai suka koyar, ko zikiri ne ko tilawa ko yi wa kai hisabi, yana buƙatar mutum ya iya zama shiru da kansa.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni tsoro, wato riya. A da mutum yana iya ciyar da marayu shekara da shekaru maƙwabcinsa bai sani ba. Yanzu buhun shinkafa ba ya sauka a gidan mabuƙaci sai da mai ɗaukar hoto, kuma har a Harami za ka ga mutum ya ɗaga hannu yana addu'a, ɗan'uwansa yana gyara masa tsayuwa don hoton ya fito da kyau. Ibadar tana nan, wataƙila ma ta ƙaru a ido, amma ɓoyewar da take kare ta ta yi wuya.

Usman mai POS, Obalende:
Ina neman afuwar manya, amma tunda ana maganar yara, ya kamata a ji daga bakin yaro. Baba Alhaji, da yawa daga cikinmu da acaɓa muka fara. Da aka hana shi gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, har da Eti-Osa da Ikeja da Apapa, wannan ƙaramar na'ura ta POS ce ta rufa wa wasunmu asiri, da ita muke biyan haya kuma muke aika wa gida. Saboda haka idan ana zagin zamani, mu muna jin kamar ana zagin abincinmu ne.

Sannan ina so in faɗi wata magana mai ɗaci. Ba waya ce ta koya mana cewa mai kuɗi shi ne mutum ba, a wurin manya muka gani. Wa ake matsa wa a sahun gaba ko da ya makara? Wa ake fara ba wa magana a taron ɗaurin aure? Wa ake ba wa 'ya ba tare da an tambayi sana'arsa ba? Ɗan cin rani a da yana tafiya sai damina ta kawo jiki ya koma da abin da ya samu, kuma a yi masa barka. Yanzu kullum waya tana ƙara daga gida, a turo na magani, a turo na taki, a turo na biki, kuma ana auna ka da ɗan maƙwabta da ya turo fiye da kai, ba wanda yake tambayar inda ya samo. Wannan matsi ne yake kai samari shagon cacar ƙwallo, shi ne kuma ya sa mutane masu hankali suka zuba kuɗinsu a MMM, harkar zuba kuɗi ta yaudara, har ta rufe da su a ƙarshen 2016. Idan ana so mu koyi wadatar zuci, a fara nuna mana talaka mai gaskiya da ake girmamawa a bainar jama'a.

Hajiya Rabi, Alaba Rago:
Wallahi yaron nan bai faɗi ƙarya ba, kuma mu iyaye mata muna da namu kason, domin mu ne muke ƙirga akwatunan lefe muna ɗauka a waya muna tura wa dangi.

Malam Sani, Agege:
Usman, Allah ya yi maka albarka, maganarka ta shiga. Ta kuma tuna mini da wani abu a tarihinmu da yake ƙarfafa ɓangaren Injiniya. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, 'yan shekaru kaɗan bayan fara jihadi a 1804, ya bar jama'ar ya nufi gabas saboda ya ga zukatan mutane sun karkata ga mulki da dawakai da tufafi da tara dukiya, har sai da mutanen Kano suka tsayar da shi ya zauna ya karantar da su kafin ya koma. A lokacin babu lantarki, balle waya. Ashe cutar tsohuwa ce, kuma Suratut Takasur tun a Makka ta sauka tana magana a kan gasar tarawa da ke shagaltar da mutane har su ziyarci kaburbura. Sai dai duk da haka ban yarda cewa babu abin da ya sauya ba. A da mutum yana gasa da mutanen unguwarsu ne kawai, yanzu kuwa mai gadi a Lekki yana zaune a bakin ƙofa yana kallon gidajen Dubai a tafin hannunsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wadata ba yawan abin duniya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci, ya kuma umarce mu da duban wanda yake ƙasa da mu a abin duniya. Wayar kuwa daga safe zuwa dare wanda yake sama take nuna mana.

Bitrus, Apapa:
Gaisuwa ga dattawa. Ni Kirista ne daga Kudancin Kaduna, direban tanka, kuma na ga ya dace in ce wannan damuwa ba a masallaci kaɗai take ba. Mu ma muna karanta inda Yesu ya tambaya ko wace riba mutum zai samu in ya sami duniya duka ya rasa ransa, amma sai ka tarar shaidar da ta fi samun tafi a coci ita ce ta sabuwar mota ko bizar Ingila, ba ta wanda ya daina shan giya ko ya yafe wa ɗan'uwansa ba. Gine-ginen ibada a kan hanyar Ibadan sun zama garuruwa, kowa yana gani in ya wuce. Ko zukata sun girma daidai da gine-ginen, wannan Allah ne masani, amma ni a kan titi ban ga haƙuri ya ƙaru ba.

Injiniya Bashir, Ikeja:
Maganar ɗan'uwa Bitrus ta ƙarshe ita ce ainihin matsalata da wannan muhawara. Ci gaban abin duniya ana iya ƙirga shi: gadar Third Mainland tana da tsawon kilomita kusan goma sha biyu, kuma kowa zai iya zuwa ya auna. Shi kuwa abin da yake cikin ƙirji ba mu da ma'auninsa, don haka duk wanda ya ce ya ragu, da abin da idonsa ya gani a unguwarsu yake magana, kuma ido ya fi saurin ganin mummuna. Ba wanda yake ɗaukar bidiyon matashin da ya tashi cikin dare ya yi nafila ya koma ya kwanta. Na yarda da Malama cewa an ƙera manhajojin nan don su riƙe mutum, wannan a fannin aikina sanannen abu ne. Amma wannan hujja ce ta a koyi sarrafa su, kuma a koya wa yaranmu ƙera nasu, domin al'ummar da ta ja baya daga fasaha da sunan tsare zuciya za ta wayi gari tana gadi da dako a ƙofar waɗanda suka rungume ta, kuma ban ga wace ɗaukakar ruhi ke cikin wannan ba.

Alhaji Garba, Mil 12:
Injiniya, akwai ma'auni, sai dai ba irin naku na ofis ba ne. Ka zo kasuwa ka tambayi kowane dillali mutum nawa zai iya ba wa kayan miliyan ɗaya su tafi ba takarda ba shaida, sannan ka tambaye shi mutum nawa maigidansa yake ba wa a da. Ka tambayi mata me ya sa adashe yake watsewa tun kafin ya zagayo. Ka duba kwandon da aka jera manya a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Allah da kansa ya saukar da sura guda a kan masu tauye mudu, wato abin da yake cikin zuciya a bakin awo yake fitowa. Ni ban ce a bar fasaha ba, jikokina ma karatun kwamfuta suke yi kuma ni nake biya. Abin da nake cewa shi ne, tarbiyyar da wahala take ba mu kyauta a da, yanzu sai an zauna an shirya ta da gangan, kamar yadda wanda ya bar noma ya koma ofis dole ya nemi wata hanyar motsa jiki. Mu kuwa mun karɓi sauƙin, ba mu tanadi abin da zai maye gurbin wancan horo ba. A rumfata na dawo da wata tsohuwar al'ada: sabon yaro sai ya yi watanni yana kai saƙon kuɗi hannu da hannu a cikin kasuwa, ko da tiransifa ta fi sauƙi, don in san shi, shi ma ya san kansa.

Malama Hauwa, Idi-Araba:
Wannan shi ne irin abin da nake so mu tattauna, Baba. A ajinmu na mata mun sa kwando a bakin ƙofa, kowa ta ajiye wayarta har a tashi, kuma waɗanda suka fi yin ƙorafi da farko su ne yanzu suke tuna wa sauran. Ina ba da shawarar a gwada haka a karatun Malam na bayan Magariba, kuma a daina watsa shi kai tsaye a Facebook, domin na lura tun da aka fara watsawa mutane suka daina zuwa, suna cewa za su kalla daga baya, kuma ba sa kallo. Zama gaban malami yana koyar da ladabin da sauraro a cikin danfo ba ya koyarwa.

Usman mai POS, Obalende:
Malama, a nan kam ina roƙon a sassauta. Daga Obalende zuwa Agege bayan La'asar ba ƙaramar tafiya ba ce, kuma lokacin Magariba ne kasuwarmu take ci. Masu gadi da 'yan dako da direbobi irin su Bitrus ba su da zaɓin zama gaban malami a ranar aiki. Idan aka daina watsawa, waɗanda suke kusa kuma suke da sukuni ne kaɗai za su amfana, mu kuma an mayar da mu ga bidiyon barkwanci.

Malam Sani, Agege:
Duka ɓangarorin biyu suna da hujja, don haka ga abin da nake gani. Za mu sa kwandon waya ga duk wanda ya halarta, kuma za mu daina watsawa kai tsaye, amma za a naɗi murya kawai, ba hoto, a tura wa waɗanda suka rubuta sunansu cewa aiki ne ya hana su zuwa. Sharaɗin shi ne duk wanda yake karɓar naɗin zai zo da kansa ranar Lahadi ta farkon wata bayan La'asar, a yi bita a ji abin da ya riƙe. Usman, kai za ka tattara sunayen mutanen Obalende da Ikoyi, Hajiya Rabi kuma ta sa a tattara na Alaba Rago. Injiniya, tunda kai ne ka fi mu sanin kayan, muna roƙon ka duba mana na'urar naɗin murya mai sauƙin kuɗi kafin Juma'a, kuma ina so ka zo zaman farko, domin maganar da ka ɗauko ta koya wa yara ƙera manhaja ba mu gama ta ba, kuma akwai iyayen da za su so su ji nawa karatun yake ci da inda ake yinsa.